Kabarin Delacourt

Kacici-kacici: bai taɓa haihuwa ba, amma jikokinsa sun cika gunduma. Wane ne?

Zuwa ga Kaka Orpha,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Bincikena ya nuna sunan gidanmu, Delacourt, na sarakunan Faransa ne. Bai kamata kakanmu na farko ya ci gaba da kwanciya bayan rumfar shanya taba ba. Ran Asabar zan tone shi, in mayar da shi makabartar coci. Iyayen Lenora, wadda zan aura, za su zo su ga asalina.

Jikanki mai biyayya,
Wendell

Wendell,

Ina amsawa. Ƙafa na nan inda ka bar ta bara.

Sannu, ɗan sarki! Kai da ba ka iya riƙe shebur ba, har kana da kakan da za ka tone? Surukan naka masu cin masara da cokali, asali suka rasa a Louisville? To ji abin da kakata ta faɗa mini. Delacourt bai taɓa shiga coci ba. Ya taɓa harbin fasto a tumbi. Taurin kai kuwa, kai ka gaje shi, har da kunnuwan.

Ka bar shi ya kwanta. Kafin ka taɓa ƙasar nan, warware mini kacici-kacicin da na rubuta a sama.

Ka gaida yarinyar, Allah ya ba ta haƙuri.
Kakarka

Kaka,

Barka da war haka. Da na karanta zancen harbi, na ɗauka jarumi ne, har na faɗa wa baban Lenora. Mun tone a gabansu, fasto na riƙe da littafi. Kaka, ƙoƙon kan ya kai tsawon hannuna. Ga takalman ƙarfe huɗu, irin waɗanda ake buga wa kofato. Maman Lenora ta koma mota. Lenora kuwa dariya take har yanzu, ta ce sai ta ji daga bakinki kafin ta ɗauki sunan gidanmu. Don Allah, wa muka tone?

Naki cikin kunya,
Wendell

Ja'iri,

Gaisuwa. Riƙe yarinyar nan, ta fi ka hankali.

Kakanmu Silas maraya ne, ba shi da sunan uba. Shi ke jan dabbar wani mai gona, sai gari ya riƙa ce masa Silas na Delacourt.

Ka mayar da shi, ka rufe da kyau. Delacourt alfadari ne.

Kakarka