Ambaliya Ta Ci Buhunan Shari'a

Malama Bara'atu, ki taimake ni da shawara, don duk wanda na faɗa wa wannan magana a Haɗejiya, kafin la'asar ta kai kasuwar kifi.

Ni lauya ne, shekara talatin da huɗu ina aiki. 'Yan ajinmu da suke kwafar amsa a wurina yau manyan alƙalai ne, ni kuwa ina nan a shago ɗaya kusa da mai walda. To, a bar wannan.

Ban taɓa ajiye rajistar fayil ba. Na san kowane mai ƙara, na san ubansa da iyakar gonarsa, me zan yi da lamba? Da shago ya cika, sai na zuba tsofaffin fayil a buhunan taki, na kai su gidanmu na bakin fadama, ɗaki ɗaya da shinkafar ƙanena Shu'ibu. Buhu iri ɗaya, ɗinki iri ɗaya. Da ambaliya ta zo bara, kwale-kwale ba ya ɗaukar fiye da buhu takwas. Shu'ibu ya riƙa soka tsinke yana dubawa: inda ƙwaya ta fito ya ɗauka, inda ba ta fito ba ya bari. Shari'ata kaf ta kwana huɗu a ruwa. Abin da ya rage na shanya a filin shanyar tattasai, awakin maƙwabta suka ƙarasa.

A ciki har da ainihin takardar gonar Hajiya Adila ta Kaugama, wadda 'yan'uwan marigayi mijinta suke neman ƙwacewa. Ta kai ni gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi. Sun ce in kawo rajistata cikin sati uku, in ba haka ba ana iya dakatar da ni. Yaran da aka haifa bayan na sa rigar lauya, su ne a kwamitin! Tunanina shi ne in ce rajistar ma ruwa ya ci. Wa zai ƙaryata kogi?

Naki,
Tsohon Barista, Haɗejiya

Barista, Allah ya ƙara girma. Na jajanta maka, kodayake na yi dariya, ka yafe ni.

Kana da gaskiya ta gefe guda. Ambaliya ba laifinka ba ce, kuma Malam Shu'ibu ya yi abin da duk manomi zai yi. Amma kogin nan kusan kowace damina yake leƙo gidajenku, kai ma ka san lokacinsa. Wanda ya ajiye amanar mutane a ƙasa, a bakin fadama, ba zai ce an shammace shi ba.

Kada ka ce ruwa ya ci rajistar. Kogi ba zai ƙaryata ka ba, amma za a tambaye ka launin bangonta da wanda yake rubutu a ciki, kuma duk wanda ya taɓa zama a shagonka ya san babu ita. Sakaci ana iya yi masa gargaɗi ko horo mai sauƙi. Ƙarya gaban kwamiti ita ce za ta tuɓe maka rigar.

Gobe ka tafi Kaugama da ƙafarka, ka ba Hajiya haƙuri, ba da Turanci ba. Gonarta take so, ba kanka ba. Ka duba ko akwai kwafin takardar a kotu, ka nemo dagaci da shaidun da suka sa hannu tun suna raye. Sannan ka zauna ka juye abin da yake kanka a littafi, ka sa masa kwanan watan gaskiya, ka kai wa kwamiti tare da bayanin yadda abin ya faru. Ba na cewa za ka fita ba ko ƙwarzane, amma za ka fita da sunanka.

Allah ya mayar wa Hajiya gonarta, kai kuma ya sassauta maka zukatan yaran nan, domin su ne a kan kujera.

Bara'atu