Ƙarar da Na Kai wa Tururi

Ƙofar Ƙaura, Katsina.
Litinin.

Aminiyata Sabuwa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ya gwiwar nan taki mai rigima, ya Malam da jikoki, ya sanyin Daura? Mu nan sai godiya.

Sabuwa, na yi aika-aika. Kin san kamfanin man gyaɗan da ke bayan layinmu, inda jikana Salihu, ɗan wajen 'yata Khadija, mijin nan nawa na wasan jika mai rowa, yake aiki. Tun shigowar sanyi, kullum da safe wani farin hayaƙi ke tashi daga can ya tokare sama. Zogalena da lemona suka fara ƙonewa ta bakin ganye, alhali ba na fashin ban ruwa. Ruwan ma na gata ne, mai ɗumi, wanda ke fitowa ta kwatar kamfanin. Matan layi rububin wanki suke da shi, muna ta sa wa masu shi albarka. Sai na tara mata bakwai, na rubuta takarda da hannun nan nawa na 'yar aji huɗu, muka kai ƙarar hayaƙi hukumar muhalli.

Jiya Khadija ta shigo tana kuka. Ashe abin da ke fitar da hayaƙin, Salihu ne mai kula da shi, kuma manaja ya ce in aka rufe wurin shi zai fara sallama. Ga bikinsa da Rashida bayan Sallah! Jibi masu bincike za su zo, sun ce har da ni. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Hauwa'u.

Alhamis.

Sabuwa, bayan gaisuwa da tambayar iyali,

Na je, na gano ikon Allah. Sun kifa mini hular kwano a kan mayafi, kada ki yi dariya. Shugabar masu binciken wata Madam Lydia ce, 'yar Kafanchan, mai ladabi, Mama take ce mini.

Abin hasumiya ce. Ba ta kai Gobarau ba, amma sai da na dafe hula kafin na ga ƙarshenta. Na leƙa ta gefe, wallahi ruwan sama ake yi a ciki, shaaa, ba hadari ba tsawa, a tsakiyar rani! A samanta wata fanka ke juyawa, faɗinta ya fi ɗakina. Iska mai laushi ta taɓa fuskata, sai na ji bakina yana tasbihi da kansa. Salihu ya yi bayani yana kauce wa idona: ruwan yana kwaso zafin injuna, a haura da shi sama, a sako shi yayyafi-yayyafi, iska ta kwashe zafin, a mayar. Na ce, to ai sanyaya kokon yara ne, daga wannan ƙwarya zuwa waccan! Shekara sittin ina yi, ban san injiniya ce ni ba.

Hayaƙin kuwa tururi ne. Na shinshina, babu ƙauri. Madam ta ce ta nan babu laifi. Don murna, sai na ce zan gyara ɓarnata, na hau yabon kamfani da ruwan ɗumin da suke mana sadaka. Nan take fuskarta ta sauya. Ta sa na kai ta bakin kwata, ta cika kwalabe uku. Wai ana zuba wa ruwan maganin kashe gansakuka, gishiri kuma yana taruwa a ciki, doka ta hana sakinsa sai an tace. Ni da hannuna nake shayar da zogalena ajalinsa, ina zagin sama.

An ce Salihu ya zauna gida tukuna. Sau biyu na buɗe baki, duka biyun a kansa suka sauka.

Taki cikin damuwa,
Hauwa'u.

Lahadi, bayan mako biyu.

Sabuwa, ina gaisuwa, ina yini, ya jiki?

Alhamdu lillahi, ya koma aiki. Ashe tun bara yaron nan ya rubuta wa manya sau huɗu cewa a gina ramin tace ruwa, kuma ya adana takardun. Madam ta gani. An toshe kwata, an ba kamfani wata uku ya gina. Matan layi dai sun daina amsa gaisuwata da daɗi, yanzu da ruwan sanyi suke wanki.

Ɗazu ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi zama. Wai tsohuwar matar da ta kai mijinta ƙara gaban hukuma, ba zai ci tuwonta ba sai ta ba shi haƙuri a gaban shaidu. Na ɗaga muciya, bai motsa ba. Na dubi idonsa, na ga ya rame.

Na ba shi haƙuri, Sabuwa, Khadija tana tsaye tana ji. Malmala uku ya ci. In kika gaya wa wani a Daura, ni da ke ne.

Ki gaida Malam. Ki shirya zanen biki.

Taki har kullum,
Hauwa'u.