Kifin da Yaya Ya Bari

Asabar, 4 ga Mayu

Yau aka kawo tankin kifin Yaya. Ƙartin da suka ɗauko shi sun fasa mana tayil a bakin ƙofa, sun yi ta haki kamar ransu zai fita. Mai gidan da Yaya yake haya ya ce ya yi iya haƙurinsa, wata biyu ke nan da rasuwa, kuma yana da mai shiga. Kayan sawa mun rabar. Littattafai suna cikin kwali. Tankin nan ne kaɗai Inna ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba za a sayar ba.

Ya cinye bangon falo ɗaya. Ruwan gishiri, duwatsu, fitila shuɗiya, injin tace ruwa mai gurnani, sai kifi ƙwaya ɗaya tal. Kifin aku ake ce masa, don haƙoransa a manne suke kamar bakin aku. Shuɗi da kore, tsawonsa ya kai kamu. Yaya kuwa Maigida yake kiransa. Da baban yara ya ji sunan sai ya ce, “To, ni na koma ɗan haya ke nan.” Shi kaɗai ya yi dariyar.

Litinin, 6 ga Mayu

Ashe kifin nan dutse yake gurza. Ƙurus, ƙurus, tun safe har yamma. Sai ya wuce ya saki farin yashi ta baya, ruwan ya yi dishi-dishi.

Inna ta ja kujerarta gabansa. Tun da ta dawo wurinmu ban ga ta zauna a falo ba sai yanzu. Ta ce haka take jin ƙarar nan a waya duk sanda Yaya ya kira ta.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na dawo daga kantin magani a gajiye, na tarar injin ya toshe da yashi. Da kayan aiki a jikina na tsuguna ina wankewa. Gishiri ya ci min wani ɗan yanka a yatsa har na ga taurari.

Ban taɓa son kifin nan ba. Tun yana kamar tafin hannu na ce wa Yaya ya nemi mata ya bar kiwon abin da ba ya ko gane shi. Ya ce, “Ƙanwata, shi dai ba ya tambayata ina na je.”

Lahadi, 12 ga Mayu

An ɗauke wuta tun hantsi. Baban yara ya tada janareta saboda kifi, yana gunaguni ƙasa-ƙasa don kar Inna ta ji. Ta ji.

Juma'a, 17 ga Mayu

Ya ƙi cin abin da nake ba shi. Jatan lande, busasshen ganyen teku, duk sai su faɗa ƙasa su ruɓe. Duwatsun kuma ya gurje su fes, babu sauran gansakukar da zai ci a kansu. Ya fara wani abu da ban so ba: ya tafi wannan kusurwa, ya juyo da ƙyar, ya koma waccan. Da ya kaɗa jela sau biyu ya iso gilashi. Leɓensa na sama ya saluɓe.

Inna ta ce kewar Yaya yake yi. 

Talata, 21 ga Mayu

Na je shagon da Yaya yake sayen gishiri. Mai shagon bai san ya rasu ba. Ya cire gilashin idonsa, ya yi masa addu'a, sannan na nuna masa hoton kifin a waya.

Ya ce ba ciwo ba ne da zan ɗiga wa magani. Irin wannan ba kifin gida ba ne. A teku yini yake yana yawo yana kiwo a kan duwatsun murjani, kamar akuya a fili, kuma bai gama girma ba. Yana ƙarami tanki yana ɗaukarsa. Yanzu ko na ninka tankin, jinkiri kawai na saya. Ya ce shi ma bai so ya kawo shi shago ba, cikin kaya ya zo, Yaya ya gani ya nace. “Kullum cewa yake zai haɗa babba idan ya samu gida nasa.”

Gida nasa. Na tsaya ina kallon wasu ƙananan kifaye masu ruwan ɗorawa.

Ya ba ni lambar wata mata a gidan kifaye na gari, inda ake kai 'yan makaranta kallo. Wai wani lokacin suna karɓa.

Laraba, 22 ga Mayu

Na kira. Za su karɓa, amma sai sun keɓe shi na wasu makonni, kuma ba ta yi min alkawarin zai rayu ba. Ta ce kar mu daɗe muna shawara.

Yanzu saura Inna.

Asabar, 25 ga Mayu

Na faɗa mata bayan la'asar. Na tsara maganar tun a hanya, amma da na buɗe baki sai ta fito a karkace.

Ta ce, “Kin rabar da rigunansa ban yi magana ba. Kin mayar da makulli ban yi magana ba.”

Na ce Inna mutuwa zai yi a nan.

“To ya mutu a gabana. Wancan ai ban gani ba, waya kawai aka yi min.”

Sai na ce abin da bai kamata ba. Na ce kifi ne, Inna, ba ɗanki ba ne. Ta dube ni kamar ba ita ta haife ni ba. Ta ce, “Ke dama tun ranar ba ki zubar da hawaye ba. Kwali kawai kike ɗaurewa.”

To wa zai ɗaure? Wa ya je asibiti ya karɓo agogonsa da takalmi a leda? Ban faɗa ba. Na shiga kicin na wanke tukunyar da take a wanke.

Lahadi, 26 ga Mayu

Ba ta amsa gaisuwata da baki ba, kai kawai ta ɗaga.

Laraba, 29 ga Mayu

Baban yara ya ce in bar maganar, in ya mutu shi ke nan an huta, ba wanda zai ce ni ce. Na san sauƙi yake nema min. Amma ni nake sa hannu a ruwan nan kullum. Cikin kifin ya lotsa. Shuɗin ya koɗe ya koma kalar tsohon bokiti.

Asabar, 1 ga Yuni

Shiru a falo. Tun jiya bai gurji dutse ba.

Lahadi, 2 ga Yuni

Da safe na fito na sami Inna tsaye jikin tankin, ta dafa gilashin da tafin hannu. Yana kwance a bayan dutse, ya jingina gefe guda, bakin nan yana buɗewa yana rufewa.

Ba ta juyo ba ta ce, “Can ɗin da kike faɗa, da girma?”

Na ce an ce ya fi gidan nan gaba ɗaya.

“Akwai 'yan'uwansa?”

Na ce akwai.

 Sannan ta ce, “Allah zai tambaye ni, ba yayanki zai tambaya ba, shi ya riga ya tafi. Kira su.” Ta shige ɗaki ta rufo ƙofa.

Laraba, 5 ga Yuni

Sun zo da wata babbar roba mai murfi da bututun iska. Matar doguwa ce, ba ta da yawan magana. Da suka sa raga ya yi wata irin zabura ya watsa mana ruwa har silin. Ta ce alama ce mai kyau, da sauran ƙarfinsa. Inna ba ta fito ba. Sai da motar ta tashi na ga labulen ɗakinta ya motsa.

Na kashe injin. Ban san haka yake cika gidan da ƙara ba.

Asabar, 8 ga Yuni

Mai shago ya aiko an kwashe tankin. Bangon ya yi farin tabo na gishiri, fenti ya ɓare. Inna ta ce in bar shi haka tukuna.

Muna magana, amma ta cefane da magani kawai.

Alhamis, 27 ga Yuni

Saƙo daga matar: ya fara ci. Na karanta wa Inna. Ta ce alhamdulillahi, ta ci gaba da tsefe wa auta kai. Na ce idan an sake shi cikin babban tankin zan kai ta. Ta ce a'a, ita ta riga ta yi sallama da shi.

Kwanan nan ta fara shiga wurin maƙwabciyarmu da yamma. Jiya har dariyarta na jiyo ta katanga.

Talata, 16 ga Yuli

An sake shi tun makon jiya. Yau lokacin hutun rana na ce wa abokiyar aikina zan je banki.

Wurin duhu, da sanyi, yara 'yan makaranta sai ihu suke. Gilashin ya fi tsayina sau uku, ba a hango ƙarshen ruwan. Na ɗauka ina isa zan gane shi. Ashe irinsa suna da yawa a ciki, duk shuɗi da kore, suna wucewa da gudu su ɓace can ciki su sake ɓullowa ta wani gefe. Na bi wannan da ido, na bi wancan. Ban sani ba. Wata guda ina sa hannu a ruwansa, amma ban sani ba.

Matar ta gan ni, ta ce in jira ta zo ta nuna min. Na ce ta bari.

Na zauna a benci. Wata malamar makaranta ta miƙo min tishu. Sanyin wurin ne, ina jin, yake sa ido ruwa.

Na makara sosai wurin komawa aiki. A bakin ƙofa na yanki katin shiga na shekara. Ya fi sauƙi ne kawai, in an lissafa. Ko yara za su so zuwa.

Ban faɗa wa kowa a gida ba.