Gadar da Ba a Karɓo Ba

Kabara, Kano, 14 Maris 1999

Gwadabe,

Assalamu alaikum. Ya aiki? Iyakar gaisuwar da nake da ƙarfinta ke nan.

Wata biyu ke nan da aka kawo mana takarda cewa Ɗalha ya "ɓace a fagen fama". Shekara ashirin ina koyar da tarihi, ban taɓa karanta inda ƙato da bindigarsa ya ɓace kamar ɗan kunne ba. Kai ka kai shi soja, kai ne manjonsa, kai ne kawunsa. Ina ɗana?

Matarsa Sa'ida tana ɗakina. Mata na shigowa, su rasa ko ta'aziyya za su yi mana ko sannu da jira. Ba mu shimfiɗa tabarmar makoki ba, ita kuma ba ta shiga takaba ba.

Allah ya tsare ka. Yayarka,
Nana Hauwa

Firitawun, Saliyo, 9 Afrilu 1999

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa lafiya. Na ba wani mai tafiya hutu wannan wasiƙa ya damƙa miki hannu da hannu.

Cikin azumi 'yan tawaye suka fi ƙarfinmu a wata gada, muka ja da baya. Su Ɗalha ne suka tsare mana baya. Yanzu shirin komawa muke. Za mu yi kamar ta babbar hanya za mu taso, in sun taru can sai wasunmu su ƙetare kogin ta sama su datse musu hanyar abinci. Manyan bindigogi da ƙarin bataliya ɗaya muke jira. In suka iso kafin damina, sati biyu ya ishe mu. Ranar da muka karɓo gadar za ki ji komai.

Ƙaninki mai biyayya,
Gwadabe

Kabara, 6 Yuni 1999

Gwadabe,

Sallama. Sirrin yaƙi ka iya zuba min a takarda, amma tambaya ɗaya ta gagare ka.

Ina da taswira, ina da rediyo. Damina ta sauka a can, bataliyarka ba ta zo ba. An rantsar da gwamnatin farar hula, an tsagaita wuta, ana zancen dawo da ku gida. Wa zai ba ka soja ka je karɓo gada yanzu? Ni da ke riƙe da alli na san an gama.

Saboda wasiƙarka Sa'ida ta yi lalle, ta kai babbar rigar Ɗalha marinar Ƙofar Mata aka sabunta mata shuni, aka buga. Tana rataye. Don girman Allah, da rai ko babu?

Nana Hauwa

Firitawun, 25 Yuni 1999

Yaya,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ɗalha ya rasu ran ashirin ga azumi, da hantsi, bakinsa da azumi. Ni na yi masa salla, mu huɗu muka rufe shi a gindin gadar kafin mu janye. Ni na sa aka rubuta ya ɓace. Na so ranar da zan gaya miki in iya cewa kabarinsa yana hannunmu.

Ki yafe min.
Gwadabe

Kabara, 11 Yuli 1999

Gwadabe,

Wa alaikumus salam. Mun yi zaman makoki.

Sa'ida ta kwance 'yan kunnenta za ta shiga takaba. Na duba littafi, na aika aka tambayi Malam Isiyaku limamin unguwa, amsa ɗaya ce: daga ranar rasuwa ake ƙirgawa, ba daga ranar jin labari ba. Wata huɗu da kwana goman sun cika tun farkon Safar, ranar tana da lalle a hannu. Ta tambaye ni, "Mama, shi ke nan ba abin da zan yi masa?" Na ce sai addu'a.

Ba gada na roƙe ka ba.

Allah ya dawo da kai lafiya. In ka zo, Sa'ida za ka fara gaisarwa.

Nana Hauwa