Gaisuwar 'Yan Bayan Marina

Litinin, 7 ga Yuli

Na gaji. Shirin wasanni ya tafi lafiya, in ban da abin da bakina ya jawo a ƙarshe. Tun da na fara aiki a rediyon gwamnati haka nake rufe shiri: in amsa kiran masu sauraro da wayar situdiyo, sannan in bi ƙungiyoyin unguwa da gaisuwa, kowacce da sunan filinta. A ka nake yi, babu takarda. 'Yan Yakasai, 'yan Koki, har in dire a kan namu na Madabo, Taurarin Bayan Marina, yaran da Ɗantani ke horarwa. Yau ina zuwa kansu sai kwanon rufin nan ya faɗo min a rai, wanda aka kewaye filinsu da shi ranar Asabar, wai za a gina shaguna. Na ce, "Ina gaida 'yan Bayan Marina, ko da yake ba su da fili yanzu. Wanda ya raba yara da filinsu bai kyauta ba."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban kama sunan kowa ba. Sai dai duk Madabo an san mai kwanon jigo ne a jam'iyyar da ke mulki, ga zaɓe ya ƙarato.

Talata, 8 ga Yuli

Ɗantani ya zo har soro ya riƙe hannuna ya ƙi saki. A filin nan muka taso tare, shi gola ni lamba tara, kafin gwiwata ta yi min ritayar dole. Ya ce, "Abdulbaqi, kai kaɗai ka faɗa." Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Har ƙari na yi a tuwo.

Laraba, 9 ga Yuli

Mustafa, shugaban sashen shirye-shirye, ya kira ni ofis. Ni na koya masa yadda ake zama gaban makirufo, yau shi ke nuna min kujera. Da ladabi ya yi magana, wannan ya fi ban haushi.

"Malam, gidan nan na kowa ne. Ɗan wannan jam'iyya da ɗan waccan duk harajinsu ne. Ƙwallo aka ba ka, ba siyasa ba."

Na ce fili fa? A kan iska ake buga ƙwallon?

Ya ce, "In na bar ka yau, gobe wani zai hau ya yabi mai kwanon, da wane baki zan hana shi?"

Ban sami amsa ba sai da na hau babur. Kullum haka nake, hikimata a hanyar gida take zuwa.

Juma'a, 11 ga Yuli

An yanke muryata ana yawo da ita a waya. Bayan masallaci motar kamfen ta 'yan adawa ta wuce, lasifika na ta maimaita "bai kyauta ba, bai kyauta ba," an ɗora mata kiɗa a ƙasa. Ban taɓa jin ƙyamar muryata ba sai yau. Waɗannan ɗin ma, lokacin da suke kan mulki, su suka yanka filin makarantarmu. Babu wanda ya tambaye ni kafin ya ɗauka.

Litinin, 14 ga Yuli

An ce in ɗan huta. Musa na sashen labarai ne ya yi shirin. Sakamakon Turai, sallama. Babu gaisuwa.

Alhamis, 17 ga Yuli

Zaman gida ba hutu ba ne. Na gyara famfo, na ɓata shi, matata Nana Hauwa ta kira mai gyara. Tana tsintar shinkafa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Malam, gaskiya ka faɗa, ban musa ba. Amma mutum mai furfura, in suka sallame ka, wane gida ne zai ɗauke ka?" Ba tuwon ne ya fi damuna ba, Allah na gani. Ƙarfe biyar na Litinin ne, lokacin shirina. Jikina ya san lokacin, maƙogwaro ya shirya, sai in tsinci kaina ina kallon bango. Ban san ni wane ne ba in babu jar fitilar nan ta situdiyo.

Asabar, 19 ga Yuli

Majalisarmu ta ƙofar gida ta rabu a kaina. Rabinsu na ce min gwarzo, rabi na cewa an saye ni. Da an saye ni ai da na canja tayar babur.

Lahadi, 20 ga Yuli

Gidan rediyonmu ya watsa wasan ƙarshe na kofin da mai kwanon ya sa, kai tsaye. Rabin lokacin kirarinsa ake yi, ƙwallo na shiga raga ba a ma faɗa ba. Na buga wa Mustafa na ce wannan fa? Ya ce, "Wannan tallafa wa wasanni ne, Malam. Daga sama aka ce a ɗauka." Muryarsa a gajiye. Na so in yi faɗa, sai na ji tausayinsa ya kama ni, abin haushi.

Laraba, 23 ga Yuli

Ruwa tun asuba. Na biya ta Bayan Marina. Ta kafar kwano na leƙa, an zuba bulo daidai inda ragar gabas take. Ɗantani na horar da 'yan wasansa a lungun bayan masallaci, ƙwallo na faɗawa kwata ana tsamowa da kara. Ya ce sun fara watsewa, wasu sun koma zaman gidan kallo, biyu ma an ba su rigar kamfen da gora. Dattawa za su je wajen hakimi ranar Asabar, yana so in raka su, wai ni ake ji.

Na ce zan duba.

Asabar, 26 ga Yuli

Ban je ba. Gwiwar ta tashi, da gaske ta tashi.

Alhamis, 31 ga Yuli

Mustafa ya zo gida da kansa, ya zauna a tabarma, ya sha kunun Nana Hauwa. An yarda in koma ran Litinin. Ba a ce in ba da haƙuri ba, ba a hana ni gaisuwa ba. In gaida kowa, in tsallake guda ɗaya kawai har a gama zaɓe. Da zai sa takalmi ya ƙara da cewa, "Wayar situdiyo a hannunka take, Malam. Ka san lambar da za ta jawo mana magana."

Har a gama zaɓe. Kafin nan shagunan sun kai rufi, ni da shi duk mun sani. Na raka shi bakin titi, har na yi masa godiya.

Lahadi, 3 ga Agusta

Nana Hauwa ta goge min farar shadda. Ɗantani ya aiko a gaya min gobe duk za su taru a shagon tela su saurare ni.

Litinin, 4 ga Agusta

Jar fitila ta kama, sai na ji kamar an zare min ƙaya. Murya ta dawo. Na yi barkwanci, injiniya na dariya ta bayan gilashi, waya sai ruri take, kowa barka da dawowa. Ana cikin haka lambar Ɗantani ta fito. Ko a mafarki na san ta. Na kalle ta tana haske a tafin hannuna, ta katse, ta sake shigowa. Na danna jan maɓallin kashewa, na ce, "To, wannan layi ya ƙi, ka sake gwadawa," da irin muryar da muke faɗa in layin ne da gaske.

Na yi gaisuwa. Yakasai, Koki, sauran duka. Daga nan na ce a kasance lafiya. Na zaci bakina zai yi tuntuɓe a wajen da na tsallake Bayan Marina. Bai yi ba.

Talata, 5 ga Agusta

Mun haɗu da Ɗantani bayan la'asar a ƙofar masallaci, muna neman takalma. Ya ce shiri ya yi armashi. Ya ce, "Na yi ta kira, ka san sabis ɗin nan." Na ce wallahi sai haƙuri. Ya dube ni kaɗan, ya ce in gaida gida.

Alhamis, 7 ga Agusta

Barci nake yi sosai kwanan nan. Mustafa ya ce an yaba daga sama. Ba wani abu.

Yau ma ta Koki na zaga zuwa aiki. Ta fi nisa, amma hanyar Bayan Marina akwai taɓo.