A Cire Sunana Daga Bakin Yadin Nan

Zuwa ga Baba Alhaji, mai babban shagon yadi a layin 'yan tufafi, kasuwar Malanville.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ku da su Hajiya da yara da dukan ma'aikatan shago. Ni ce Rakiya, ɗiyar amininku marigayi Malam Idi mai albasa, wadda ke zana muku adon da ake bugawa bisa yadin bargon haɗi.

Baba, na san ba tarbiyyar gidanmu ba ce ɗiya ta yi wa uba magana a gaban jama'a, kuma na daɗe ina juya abin a raina kafin in ɗauki alƙalami. Na zo shago na same ku, kunka ce za a duba. Na sake dawowa, anka ce kun tafi Kwatano. Na bi ta wurin Hajiya, ta ce ta isar. Yadin kuwa shina nan bisa kantar shago, ana aunawa ana yankawa kowace ranar kasuwa. Matan da ke saye ba su san abin da ke cikinsa ba, shi ya sa dole maganar ta fito inda za su ji ta.

Bari in fara da alherinku, don ban manta ba. Lokacin da na dawo daga Paraku da sana'ar zane a hannuna, babu wanda ya gane me na koyo. Wasu sun ɗauka ƙunshi nake yi, wasu aikin wuyan riga. Ku kaɗai kunka zauna kunka duba takarduna ɗaya bayan ɗaya. Na gaya muku matan ƙauyukanmu na nan kusa, Garu da Tumbutu, suna ɗinka bargo da ƙananan ƙyallaye, su jera su, su sa auduga a tsakiya, su bi da allura, amma ragowar atamfar da suke samu wurin teloli ba ta yi musu yadda suke so. Na ce zan zana musu nasu. Na zauna da su har na ga yadda suke yanka da yadda suke jera launi, sannan na zana furen albasa, da zangarniyar shinkafa, da idon taru irin na masunta. Kunka kai anka buga bisa auduga tsantsa. Ku da bakinku kunka ce a sa sunana a bakin yadin tare da ɗan hoton jirgin ruwa, saboda waɗanda ba su yi lakwal ba, wato makarantar boko, su gane shi. Ladata kuma kun biya ni cif. Ba bashi ya sa ni rubutu ba.

Kayan farko sun yi albarka, har 'yan Gaya da 'yan Kamba suna ɗauka. Kayan da sunka zo na biyu su ne abin kukana, kuma ga shi dalla-dalla.

Na farko, an ƙara girman zanen ba a tambaye ni ba. Furen da na yi kamar kan ɗan yatsa ya koma kamar tafin hannu. Na ji an ce wai ya fi ɗaukar ido a rataye, kuma gaskiya ne. Sai dai wannan yadi ba a rataye zai ƙare ba, almakashi zai shiga cikinsa. Mai haɗa bargo tana yanka ƙyallen da bai wuce faɗin yatsu huɗu ba, tana son ko ta ina ta yanka, ko ta yaya ta juya, ta sami fure cikakke. Yanzu wani ƙyallen ya fito da rabin ganye, wani ya fito fili ba komai. Na yi kwana da kwanaki ina gyara tazarar da ke tsakanin fure da fure saboda wannan kawai.

Na biyu, yadin kansa ba wanda munka yi magana a kai ba ne. An cika shi da sitaci don ya yi kauri a hannu. Da zarar ya sha ruwa sai ya saki ya tsuke, jan launinsa kuma shina zuba tun kafin a sa sabuni. Yadin da ke zuba in zanen ɗaurawa ne, zanen kaɗai ya ɓaci. In cikin bargon haɗi ne, duk ƙyallen da ke maƙwabtaka da shi ya ɓaci tare da shi, da aikin watanni.

Na uku, kuma shi ne ya fi yi mini ciwo: sunana da ɗan jirgin suna nan a bakin wannan yadi, kamar na gani na yarda.

Baba, kun san Inna Hamsatu ta Garu, matar marigayi Malam Garba masunci, wadda ke jagorantar matan da ke ɗinkin. Idonta ya fara rauni, sai an zura mata zare. Ɗiyarta ta ƙarshe na da cikin fari, sai Inna ta ɗauki niyyar yi wa jaririn bargo, ta ce mai yiwuwa shi ne na ƙarshe da za ta ɗinka da hannunta. Akwai wata farar riga ta mijinta, wadda shike zuwa Juma'a da ita, tana ajiye a ƙasan akwati tun rasuwarsa. Ta fito da ita ta yayyanka, don jikan da bai ga kakansa ba ya kwanta cikin tufarsa. Ta haɗa fararen ƙyallayen da jan furen albasa daga shagonku. Duk damina tana kansa.

Da haihuwa ta matso, ta wanke bargon a gulbi don ya yi laushi. Jan ya bi cikin farin nan gaba ɗaya, sabon yadin ya tsuke ya jawo tsohon, bargon ya tattare kamar busasshiyar fata.

Ta hau zemijan, babur ɗin haya, ta zo har gidanmu da shi a ƙulle. Ta shimfiɗa shi bisa tabarma a gabana, ta zauna. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage ni ba. Cewa ta yi: "Ɗiyata, tun ina yarinya ban taɓa yanka sabon yadi ban jiƙa shi ba. Wannan ne na ga jirginki a baki, na ce ba sai na jiƙa ba." Na ce ban san an canja ba. Ta ce ta yarda, ta shafa wani ƙyalle da ya koma ruwan hoda, ta ce nan ne aljihun rigar.

Na yi tunani a kan uzurinku, don ban ɗauke ku mugun mutum ba. Na san yadda kasuwa ta yi sanyi tun da anka rufe gadar iyaka da ke tsakaninmu da Gaya, na san wahalar 'yan duwan masu karɓar kuɗin fito da tsadar mota, na san kuna da mutane da yawa da ke ci a ƙarƙashinku. Mai yiwuwa ma waɗanda sunka buga muku ne sunka cuce ku. Da kun kira ni kun ce auduga ta fi ƙarfinku bana, da na zana muku wani abu na labule ko na rigar matashin kai, wanda babban fure da yadi mai araha ba su cutar da kowa, mu bar na bargo sai hali ya yi. Abin da na kasa samun uzurinsa shi ne ci gaba da sayarwa bayan na zo na gaya muku shina zuba.

Ga roƙona. A janye sauran yadin daga kanta, ko a yanke bakin da ke ɗauke da sunana, a riƙa gaya wa mai saye gaskiya cewa shina zuba kuma bai dace da bargo ba. A aika wa dillalanku na ƙauyuka da na ƙetaren gulbi da wannan saƙo. Daga yau kuma kada a buga wani zane nawa sai na ga samfurin, na wanke shi da hannuna. Sababbin zanen da na gama suna wurina, kuma nan za su zauna har mu daidaita a kan wannan. Ku kuma iyayena da 'yan'uwana mata da kunka riga kunka saya, ku jiƙa shi daban kafin ku sa almakashi, ko da kun ga sunana.

Roƙo na ƙarshe ba na ciniki ba ne. Inna Hamsatu ta ƙi jefar da bargon. Tana warware shi ɗinki bayan ɗinki, tana ware ƙyallayen rigar da jan bai ci sosai ba, ta ce ko na matashin kai ne za ta fitar. Nakan je in taya ta, don idonta ba ya ganin zaren. Ɗiyarta ta haihu, har an yi suna, namiji ne, an sa masa Garba, a cikin tawul na kanti anka fito da shi. Ba ta nemi kowa ya biya ta ba, kuma babu abin da za a biya. Amma Garu ba nisa, Baba. Ku je ku zauna bisa tabarmarta, ku ga aikin da idonku, ku ba ta haƙuri da bakinku. Ni na ba da nawa, amma ba ni na canja yadin ba.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya buɗa kasuwa, ya tsare dukiyarku daga haƙƙin kowa, ya jiƙan mahaifanmu. In akwai kalmar da ta yi kaifi a cikin wannan takarda, ku yafe wa ɗiyarku.

Wassalamu alaikum.

Rakiya Idi, mai zanen yadi,
Malanville.