Minti Arba'in da Na Tsaya a Gefen Gadon Inna

Zuwa ga Babban Likita, mai asibitin kuɗin da na yi wa shara a Gusau,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya da iyali. Na zo ofishinka sau uku ba a bar ni na shiga ba, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko, shekara tara ina goge ɗakin mata. Bara kuka sa aka ɗaga tayil ɗin daɓen ɗakin aka shimfiɗa na'ura a ƙarƙashinsa, aka ce don a san in majinyaci ya faɗi. Mun yi murna. Ba wanda ya gaya mana cewa mu ma tana bin sawunmu. Ni kuwa ɗingishi nake yi tun ƙuruciya, takuna ba ya ɓuya a cikin na kowa.

Na biyu, ranar Talata manaja ya nuna mini kwamfuta, ya ce na tsaya wuri ɗaya minti arba'in da hantsi, ba aiki. Gaskiya ne, na tsaya. Wata tsohuwa ce daga Furfuri, muna ce mata Inna, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita. 'Yarta ta tafi gida duba yara, ba ta samu dawowa ba. Kununta ya huce a gabanta, hannunta ba ya riƙe cokali. Na jingine tsintsiya na ba ta, a hankali, saboda tana ƙwarewa. Na yi wa manaja wannan bayani, ya ce shi abin da na'ura ta rubuta ya sani. Kafin la'asar an karɓe rigar aikina, an sallame ni.

Yanzu ina zaune a Damba da marayu huɗu. Ban san lauya ba, ban san wa ake kai wa ƙarar daɓe ba.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka saurare ni da kunnenka, ko minti biyar ne. In komawa ba za ta yiwu ba, to a sa wata ta riƙa ba Inna abinci, a kuma tabbatar wa ma'aikaciyar ba za a kore ta ba. Abokan aikina sun ce yanzu kowa tsoron tsayawa yake, tsohuwar na kira ana wucewa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Wassalam.

Tsohuwar mai sharar ɗakin mata,
Damba, Gusau.